Wace kalma za mu ba “links” a ƙwallon lambu?

Jama'a, ina neman shawararku. Sunan ƙwallon lambu, wato golf, ya karɓi filaye irin Augusta na Amurka, mai ciyawa shar da furanni. Amma wasan ba a lambu aka haife shi ba. A gaɓar tekun Sukotilan ya tashi, kan tuddan rairayin da ke tsakanin ruwa da gonaki, inda ba a noma sai kiwon tumaki. Irin wannan fili shi ake kira “links”, kuma a kansa ake buga gasar Open ta Birtaniya, wadda aka fara a garin Prestwick na Sukotilan a 1860.

Kawuna ya buga wasan a ƙasashe da dama lokacin yana aiki. Ran nan muna hanyar Illela da hunturu, ya sa na tsaya wajen Gwadabawa. Ya sauka ya damƙi ƙasa, ya buɗe hannu iska ta kwashe ta, ya ce, “Ɗana, ka ga St Andrews ke nan, teku kawai babu.” Wani shahararren filin “links” na Sukotilan yake nufi.

Na ce, “Kawu, me ke burge ku a wuri babu ko inuwa?” Ya ce ai abin ke nan. Ruwa ba ya kwana a rairayi, don haka ƙasar tauri gare ta, ƙwallo na sauka sai ta yi ta gangarawa, tudu ya karkatar da ita, kwari ya haɗiye ta. Iska kuma kullum da inda take fuskanta, ramin da ka samu da sauƙi jiya yau sai ya gagare ka. Gwanin mai tsara fili, in ji shi, shi ne wanda ya bi ƙasa yadda Allah ya yi ta, har ka kasa gane inda hannunsa ya taɓa. A tsohon filin St Andrews, inda ramuka suka koma 18 a 1764, tarkunan yashi 112 ne, wasu ba ka ganinsu sai ƙwallonka ta faɗa.

Wani malami ya ba ni “filin gaɓar teku”. Allah ya ƙara sani, Malam, amma ban gamsu ba, don akwai filaye a bakin teku kan duwatsu ko laka, kuma ba su cikin wannan jinsi. Ƙasar ce ke ba da sunan.

Ni jigawa na zaɓa. Duk manomin Sakkwato ya san bambancin fadamar Rima da jigawar da ake shuka gero: tudu, rairayi, ruwa na shigewa nan take. Matsala ɗaya, mai karatu zai ɗauka jihar Jigawa ake nufi. Shi ya sa na koma jam'i: filin jigayi, ko hilin jigayi a bakinmu na nan.

Na gwada wa Kawu: “An buga Open ta bana a filin jigayi.” Ya maimaita sau biyu, ya ce ta zauna a baki. Ku fa, ta zauna muku?