Shin ƙungiyar jin ƙai za ta iya riƙe lambun shaƙatawa a unguwa?

Mazaunin Gwale:
Assalamu alaikum. A unguwarmu a nan Kano akwai wani fili wanda a da kududdufi ne, aka yi ta zuba masa shara har ya cike, yanzu kuma mai shi ya nuna yana son ya bayar da shi saboda Allah. Wasu sun ce a gina shaguna a riƙa karɓar haya, mu kuma muna ganin a dasa itatuwa a ajiye kujeru, ƙungiyarmu ta taimakon marayu ta ɗauki nauyin kula da shi. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: amfanin irin wannan wuri ya kai a haƙura da kuɗin haya, kuma ƙungiya za ta iya riƙe shi ya ɗore?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Wa alaikumus salam, Malam. An yi irin wannan a wasu ƙasashe kuma ya tsaya da ƙafafunsa. Lambun Al-Azhar na Alƙahira juji ne na ɗaruruwan shekaru kafin gidauniyar Aga Khan ta mayar da shi lambu, aka buɗe shi a 2005, kuma kuɗin shiga yana taimakawa wajen kula da shi. Sai dai in gaya maka abin da na gani a wurin aiki: dashe ba shi ne wahala ba, raino ne. A dasa a watan Yuli lokacin da damina ta zauna, a kewaye kowane dashe saboda awaki, sannan a tanadi ruwan da za a ba shi daga Nuwamba har zuwa Mayu, aƙalla shekara biyu. Dalbejiya tana saurin yin inuwa kuma tana jure fari, amma ku haɗa da tsamiya da maɗaci domin jikoki. Tunda juji ne, a kwashe leda da ɓaraguzai a zuba jar ƙasa da taki kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya daga Dala:
Ni ina goyon bayan lambun da zuciya ɗaya. Kullum muna ce wa masu hawan jini da ciwon suga su riƙa tattaki, sai tsohuwa ta tambaye ni a ina za ta yi, alhali lungu ya matse, titi kuma na babura ne da 'yan adaidaita. Gidan Zoo na Audu Bako yana nan, amma sai an hau mota an biya kuɗin ƙofa, shi ya sa yawancin iyalai sai da sallah suke zuwa. A zafin Afrilu, ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana idan babu wuta, kuma yaranmu a bakin kwalta suke buga ƙwallo. Roƙona ɗaya ne, Malam: a ware wa mata lokaci nasu, ko da hantsi ne, a sa mace a cikin kwamiti, in ba haka ba wurin zai zama majalisar maza kaɗai.

Lauya a Sabon Gari:
Ban musa amfanin ba, amma ina jin tsoron ranar da mai filin ya kwanta dama, magada suka zo da wata magana. A rubuta wakafin a gaban shaidu tun yana raye, a ambaci cewa lambu ne na jama'a, a nemi shawarar Hukumar Zakka da Hubusi, a kuma sanar da mai unguwa. Ƙungiyar ta yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, domin ta iya riƙe fili da sunanta, sannan a bi takardu a ma'aikatar ƙasa, domin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni ƙarƙashin ikon gwamna. Shawarar masu son shaguna ma ba ta banza ba ce. Shago biyu a bakin hanya za su biya mai gadi da mai ban ruwa, kuma wurin da babu mai gadi da fitila da dare, 'yan shaye-shaye ne za su gaje shi.

Mazaunin Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai maganar shago biyu da lokacin mata gaban dattawa ranar Juma'a bayan la'asar. Baba na gandun daji, idan akwai inda ake samun dashen maɗaci a kusa, a taimaka a sanar da ni.