Étoile à neutrons da Hausa, mi za mu ce mata?

Salamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya da dare wuta ta tahi nan Tawa, munka baza tabarmi tsakar gida, sai ɗiyar yayata da ke lise ta ce Kawu, mushe ya yi muna étoile à neutrons yau, in Inna ta tambaye ni mi zan ce mata da Hausa? Wallahi abin ya tsaya mini a rai, mu da muke da Zara matar wata da kaza da ɗiyanta, a ce wanga ba shi da suna a bakinmu.

Ga yadda abin yake. Ƙaton tauraro wanda ya ninka rana nauyi sau 8 ko hiye, in makamashinshi ya ƙare sai ya fashe, jikin ya watse cikin sarari, tsakiyar ko ta durƙushe ta matse har furoton da elektiron, ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke cikin kowane abu, su narke cikin juna su koma wata ƙwayar da ake ce ma nitiron. Abin da ka saura faɗinshi kamar kilomita 20 ne, tahiyar da ɗan kabu-kabu zai cinye cikin rabin awa, amma ya hi ranarmu nauyi, cikin cokalin shayi guda nashi ya kai ton miliyar.

Ni dai na ce ƙodagon tauraro. Duk wanda ya taɓa gwaguyar goruba ya san ta, ka cinye bayan kakaf sai ya rage ɗan abin nan mai tauri da ko da dutse sai ka sha wuya. Na so in ce ƙwallo amma yara balo za su ji.

Malam Sani, Yamai: Ƙanena ƙodagonka ya yi daɗi, amma ina nitiron ɗin ya shiga? Tun 1934 masana taurari Baade da Zwicky sunka kawo maganar tauraron, shekara 2 bayan masani Chadwick ya gano nitiron, sunan a kan nitiron ya ginu. A bar shi tauraron nitiron, yaro ya riƙe abu guda gida da lakwal.

Ranka ya daɗe Malam, a takarda na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma Inna ba ta san nitiron ba, goruba ko ta sani.

Hadiza: Yaya to mi zai hana mataccen tauraro?

A'a ƙanwata, wanga ba gawa ba ne. Na cikin gajimaren sararin nan da ake ce ma Crab, wanda mutanen Sin sunka ga fashewarshi a 1054, har yau juyi yake kusan sau 30 a sakan guda, wane matacce ke wanga katantanwa. Juyin nan ke sa siginarshi ta riƙa iso muna bugu-bugu, da irin bugun nan masaniya Jocelyn Bell ta kama irin tauraron na farko a Kambirij ta Ingila a 1967. Kuma akwai wasunsu da ake ce ma magnétar, maganaɗisunsu ya hi na komi da anka sani, ran 27 ga Disamba 2004 guda ya yi wata walƙiya da ta taɓa saman iskar duniyarmu daga nisan dubban shekarun haske. Shi kam mayen tauraro na ke so, tunda muna da mayen ƙarfe.

Malam Sani: Maye zai tsorata tsofaffi, a sake dubawa. Ƙodago na sallama, a rubuta su biyu, tauraron nitiron wato ƙodagon tauraro. Ai gangamin taurarin da muke ciki ma, Laniakea, da harshen Hawai anka raɗa mai suna a 2014.

To madalla Malam, magnétar ɗin na bar shi buɗe, wanda ke da abin da ya hi maye ya kawo. Jiya yarinyar ta gwada ma Inna ƙodagon tana tankaɗe, tsohuwar ta tsaida rariya ta ce to shi naman gorubar ina ya tahi? Wato sai mun nemo ma supernova, fashewar nan ta tauraro, nata sunan kenan.