Me za a kira "mortality rate" da Hausa? Shirin gobe ne

Ƴar Tudun Wada: Salamu alaikum malamaina. Gobe 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da cutar kansa ta duniya, kuma da safe zan shiga situdiyo. Batun shi ne yadda cutar ke kisa a wani yanki fiye da wani a cikin ƙasa ɗaya. Misali a Amurka, jihohin Kentucky da West Virginia suna sahun gaba, Utah na can ƙasa. Na rubuta "yawan mace-mace", amma bai kwanta mini ba.

Nas a Shika: Anti, kada ki ce yawa. Kalifoniya ta fi Kentucky yawan mamata don ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Abin da ake dubawa shi ne mutum nawa ke rasuwa cikin kowane 100,000 a shekara, bayan an daidaita shekarun jama'a, wato an cire bambancin yawan tsofaffi tsakanin yankuna. A nan ne shan taba da talauci da nisan asibiti ke fitowa fili.

Malamin Hausa: Mizanin mace-mace.

Bazazzage: Kason mace-mace fa?

Malamin Hausa: Kaso cikin ɗari kunne ya saba da shi, zai rikita mutane.

Dattijo: Mizani Larabci ne. Ni "awon mutuwa" nake cewa tun da daɗewa. Kuma ƴata, mene ne "kansa"? Sankara ta ɓace ne? Wannan Hausar barikin ta Kaduna ita ke kashe mana harshe.

Bazazzage: Haba Baba! Kaduna da ke watsa Hausa a rediyo tun 1962? Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a Zariya aka haife ta a 1939. Ba Kano da Sakkwato kaɗai ke da Hausa ba.

Dattijo: Jarida daban, nonon uwa daban. Awon mutuwa.

Nas a Shika: Baba, a asibiti in an ce awo, mata awon ciki suke ji. Amma kan sankara ina bayanka. In aka ce daji, sai ka ji "daji ba ya son allura", a yi ta shafe-shafe a gida. Mace za ta zo daga ƙauye nono ya riga ya fashe, an ɗaure da tsumma, mijin na riƙe da kuɗin motar komawa kawai. Wadda ke kusa da injin gashi (na'urar ƙona sankara a asibiti) da wadda sai ta kwana a hanya ba ɗaya ba ne, kuma bambancin da Anti ke son faɗa ke nan.

Ƴar Tudun Wada: To, zan ce "ma'aunin mace-macen sankara", in bi shi da "wato mutum nawa cikin kowane 100,000". Kansa zan ambata sau ɗaya saboda matasa. Na gode ƙwarai.

Dattijo: Ma'auni daga awo ya fito, don haka na bari. Sau ɗayan nan ma da kin cire.

Malamin Hausa: Ni dai a aji mizani zan ci gaba da koyarwa.