Tsoron allura ya hana Inna cire haƙori

Assalamu alaikum. Muna wani ƙauye kusa da Ringim. Haƙorin mahaifiyata na can ciki ya ruɓe, kumatu ya kumbura, ba ta barci. Mun gwada kanumfari da ruwan gishiri, ta shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin, kumburin ya sauka ya sake dawowa. Likita ya ce sai an cire.

Tana ganin allurar kashe zafi da ake yi a dasashi sai jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, ta datse baki, dole aka fasa. Na ji ana shaƙa wa mutum iskar nitrous oxide, hankalinsa ya kwanta alhali yana farke. Damuwata, tana da hawan jini.

Don Allah wane asibiti a Kano ko Dutse ke yi wa mai hawan jini haka?