Neman shawara: jinga kan asibitin soja lokacin yaƙi, ta ina zan kamo?

Slm 'yan gida. Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce, lakcaranmu ya ba mu jinga kan yadda ake tsara asibitoci da aikin lafiya na sojoji lokacin yaƙi, minti goma kowa zai yi bayani a gaban aji. Matsalar kusan kowa Florence Nightingale ya ɗauka, wato nas ɗin Ingilar nan da ake wa laƙabi da mai fitila, ni kuma wlh bana son maimaita labarin mai fitila. Dan Allah masu sani, in bi yarima a sha kiɗa ne ko akwai misalin da ya fi nuna tsarin kansa?

Malamin tarihi: Wslm ƙanwata. Ɗauki Jonathan Letterman, likitan da aka ba shugabancin lafiya na rundunar Potomac a yaƙin basasar Amurka a 1862. Kafin tsarinsa ya kankama kekunan dokin da ke kwasar masu rauni suna hannun ofishin kayan aiki da sufuri ne, direbobin ma da yawansu farar hula ne 'yan haya, da an fara luguden wuta sai su ranta a na kare, shi ya sa a gumurzu na biyu na Bull Run mutane suka yi kwanaki kwance a fili ba wanda ya ɗauke su. Shi ya mayar da kekunan ƙarƙashin likitoci, ya ware sojoji aka horar da su aikin ɗaukar majinyata kaɗai, sannan ya yi matakai uku: wurin ɗaure rauni dab da fagen daga, asibitin tanti a baya kaɗan inda ake tiyata, sai babban asibiti a birni. A gumurzun Antietam ranar 17 ga Satumba 1862, waɗanda suka mutu da masu rauni da waɗanda suka ɓace sun kai wajen 23,000 a yini ɗaya, amma an kwashe masu raunin rundunarsa cikin kamar kwana guda. A 1864 majalisarsu ta mayar da tsarin doka.

Anti nas: Malam na yarda amma kar ki yar da Nightingale 'yata, 'yan ajinku fitilar za su faɗa su bar magudanar ƙazanta. Ta isa Scutari a Turkiyya a Nuwamban 1854 da nas 38, ana ɗebo sojojin Ingila daga fagen yaƙin Kirimiya a jirgin ruwa a zube su a wani tsohon bariki da ƙazanta ta toshe a ƙarƙashinsa, kuma yawancinsu ba harsashi ke kashe su ba, atini ne da kwalara da taifot. Mace-macen ba su ragu sosai ba sai da gwamnati ta turo kwamitin tsafta a Maris 1855 aka wanke magudanan aka buɗe hanyar iska. Ko a yaƙin da Malam ya kawo wajen kashi biyu cikin uku na mamatan ciwo ne ya kashe su. In babu masai da ruwa mai kyau a tsarinki ni dai ba zan ba ki maki ba.

Tsohon soja: Yarinya ku na asibiti kuna ganin mutum ne bayan an kawo shi. Jini ba ya jiran likita, abokin da ke kusa da kai shi zai ɗaure maka ƙafa da abin tsayar da jini tamau, ya rubuta lokacin da ya ɗaura don wanda zai karɓe ka ya san awa nawa ta yi a ɗaure. Ki kuma sa maganar tantancewa, Larrey likitan Napoleon tun zamaninsa ya ce wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ba ruwansa da igiya ko anini.

Wani ɗan uwa: A ƙara da yarjejeniyar Geneva ta 1864, ita ta ce ba a taɓa asibiti da masu jinya a yaƙi.

Mai tambaya: Kai ngd sosai, Allah ya saka. Amma Malam, Anti, minti goma fa, duk wannan zai shiga?

Malamin tarihi: Zai shiga in kin bi mutum ɗaya. Ki zana layi a allo daga inda soja ya faɗi har gadon babban asibiti, a kowane zango ki faɗi wa ke karɓarsa, me ake masa, da me ake ɗaukarsa. Maganar Baba soja a farkon layin, ta Anti a ƙarshe, Letterman ya cinye tsakiya. Geneva jimla ɗaya ta ishe ta, kuma ki gwada da agogo a ɗaki kafin ranar.