Tsohuwar Hiace ɗina tana zafi a cunkoso, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman makanikai. Ina da tsohuwar Toyota Hiace mai injin dizal, wadda na cire kujerun baya na sa katifa da ɗan wurin girki saboda doguwar tafiya. Matsalarta zafi. In tana gudu a titin Zariya a Kano, allurar zafi tana tsakiya lafiya lau. Amma da na shiga cunkoson Bata da rana tsaka, sai ta haura ja, ruwa ya fara tafasa.

An wanke lagireto, an canza murfinsa, na sayo sabon fanbel a Ƙofar Ruwa an ɗaura. Wani bakanike ya ce a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi) a yar, ban yarda ba. Wani kuma ya ce gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa) ne ya ƙone, alhali baƙin mai bai gauraya da ruwa ba, salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi.

Ni dai zargina yana kan kulocin fanka (abin da ke sa fankar lagireto ta kama da ƙarfi in inji ya yi zafi), domin ko injin na da zafi, in na kashe na juya ta da hannu sai ta yi ta juyawa sakaka. Shin wannan ya isa hujja? Kuma yaya ake gwada gasket ba tare da an sauke kan inji ba? Don Allah a taimaka, kuɗin wannan aikin ba kaɗan ba ne.