Neman shawara: tafiya daga Sakkwato zuwa Yankari da mota mai ɗaki a baya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tsohuwar Mitsubishi Canter wadda na sa masu walda suka gina mata ɗaki a baya, da gadaje da wurin girki, sannan aka ɗora sola da tankin ruwa mai cin lita 500 a kan rufinta. Niyyata ita ce in ɗauki iyali mu je Yankari a jihar Bauchi cikin hunturu, mu riƙa kwana a cikinta a hanya. Abin da ke damuna shi ne tsayinta, domin ko a nan cikin gari sai da yaron motata ya hau sama ya ɗaga wayar lantarki da gora kafin mu fita daga unguwa. Ina roƙon waɗanda suka san hanya su faɗa mini ta inda ya kamata in bi, da yadda zan raba zangon tafiyar.

Baban Hafsatu

Wa alaikumus salam, Baban Hafsatu. Na yi shekaru ina jan tirela, kuma kafin a yi maganar hanya ina so ka fara da awo. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ɗora doguwar sanda a kan abin da ya fi komai tsawo a rufin, ka auna daga sandar zuwa ƙasa, sannan ka rubuta adadin da manyan baƙi ka manna a gaban sitiyari. Tsayin da ke cikin takardun mota ya daina aiki tun ranar da aka gina ɗakin. Kan babbar hanya ba za ka sami matsala ba, tunda duk inda tirela ta wuce kai ma za ka wuce. Wahalar tana cikin garuruwa, inda ake da rumfunan ƙananan gidajen mai, da ƙofofin makarantu da na otal, da wayoyin da aka ja daga gida zuwa gida, da shingen ƙarfe da ake kafawa a bakin wasu gadojin sama don hana manyan motoci hawa. Ka kuma hana yaronka taɓa waya da gora, musamman in tana da danshi, domin wannan wasa da rai ne.

Amma tankin nan ya fi wayoyi tayar mini da hankali. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan ka ɗora rabin tan a wuri mafi tsawo na motar, kuma idan tankin ya rage rabi ruwan yana kai da komowa a ciki, yana jan motar gefe a duk lokacin da ka sha kwana ko ka kauce wa rami. Ka haɗa wannan da iskar hunturu da kuma wadda tirela ke bugo maka idan kun yi kiciɓis, za ka ji sitiyari yana neman ƙwacewa. Ka sauko da shi ƙarƙashin ɗakin, tsakanin tayoyi, ka sa ƙaramin famfo mai aiki da batir. Rufi na sola ne da tabarmi kawai.

Tsohon Direba

Ranka ya daɗe Tsohon Direba ya gama magana a kan mota, ni kuma zan taɓa hanya. Wadda aka saba bi ita ce Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Kowa a nan ya san halin tsaro a yankin Zamfara, don haka kwana a hanya bai taso ba a wannan zangon. A tashi bayan gari ya waye, a bi sahun motocin haya, kuma a je tasha tun jajibirin tafiya a tambayi direbobin da suka shigo a ranar, domin labarin hanya na makon jiya ba shi da amfani yau. Daga Funtuwa akwai zaɓi biyu: ko Zariya, Saminaka, Jos, sannan Bauchi, ko kuma Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi. Ga mota mai tsawo da nauyi na fi son ta Kano, saboda ba ta da hawa da gangarar da ke yankin Jos. Sai dai kada ka ratsa tsakiyar Kano, ka bi hanyar zagaye da manyan motoci ke bi. Ka ba tafiyar kwana uku: Funtuwa ko Zariya, sannan Kano ko Bauchi, sannan Yankari.

Malamin Hanya

Malam, ban yarda da kwana ukun nan a matsayin gwajin farko ba. Motar da ba a taɓa fita da ita cike da kaya ba, bai kamata a fara gwada ta da mata da yara a hanyar Gusau ba. Argungu tana nan kusa, kimanin kilomita 100, ya je ya kwana ya dawo, a nan zai gane ko birki da sifirin suna ɗaukar lodin, da kuma man gas nawa take sha. Ya tafi da safaya biyu da filtar mai, domin ƙurar hunturu da gurɓataccen mai su ne ke tsayar da irin waɗannan motoci.

Bakaniken Unguwa

Baban Hafsatu, tunda da iyali za a yi tafiyar, bari in sa baki a kan wurin kwana. Kada a tsaya a fili ko gefen titi don kawai akwai gado a mota. A nemi harabar 'yan uwa ko ta masauki mai katanga, kuma a buga waya tun da wuri a tambayi tsayin ƙofarsu, domin ba ƙaramin takaici ba ne a iso da magariba a tarar motar ba ta shiga. Tukunyar gas a ɗaure ta a tsaye a wurin da iska ke ratsawa, kuma komai sanyi kada a kunna janareta ko a shigar da gawayi cikin ɗakin da ake barci, saboda hayaƙinsu yana kashe mutum ba tare da ya farka ba.

Hajiya Yaya

Ƙari a kan Yankari ɗin kanta: daga Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake. Ka cika tankin mai tun daga Bauchi. A cikin dajin ka tafi a hankali saboda rassan itatuwa, domin sola ba ta jure duka. Idan kun isa, ku rufe tagogin ɗakin ko da minti ɗaya za ku fita, saboda birai na sansanin sun saba da mutane, kuma suna shiga mota su kwashe abinci a gaban mai shi.

Malamin Hanya